Auduga da Allura: Rigar Sanyin Ƙauyawan Arewacin Sin

A birnin Harbin da ke arewa maso gabashin ƙasar Sin, matsakaicin sanyin watan Janairu yana wajen digiri 17 ƙasa da sifiri. Kogin Songhua da ke ratsa birnin daskarewa yake yi, har a shiga da zarto a yanko tubalan ƙanƙara a gina gidajen kallo da su. Beijing ta fi dama-dama, amma ita ma ruwan da ya kwana a tsakar gida cikin tsakiyar hunturu, da safe sai an fasa shi. A wannan yanki miliyoyin manoma suka yi ɗaruruwan shekaru suna rayuwa, babu kantin da za su je su sayi rigar sanyi, ba kuma kowa ke da garken tumaki ba. Abin da ya riƙa tsallakar da su daga hunturu zuwa bazara riga ce da uwargida ke ɗinkawa da hannunta: yadi a waje, yadi a ciki, auduga a tsakani. Mian'ao suke ce mata. Tana da wandonta, shi ma cushe da auduga, wanda ake ɗaure ƙafafunsa a idon sawu don kada iska ta hau.

Bahaushe zai yi mamaki, don a wurinmu auduga tufar zafi ce, ita muke nema idan rana ta buɗe a watan Afrilu. To, yaya abin da ke sanyaya jiki a Sakkwato zai hana mutum daskarewa a Harbin? Sirrin yana cikin iskar da ke maƙale a jikin audugar. Tufa ba ta ƙirƙirar zafi. Daga jikin mai tufar zafin ke fitowa, ita aikinta kawai ta hana shi gudu. Kuma cikin duk abin da hannun talaka ke iya kaiwa, da wuya a sami abin da ya kai iskar da aka tsare wuri guda hana zafi wucewa. Audugar da aka kaɗa aka saƙa ta riga ta matse, iskar cikinta kaɗan ce. Wadda aka shiɓe ta tashi fur, mafi yawan kaurinta iska ce. Shi ya sa nauyin riga ba ya nuna ɗuminta. Tsohuwar rigar da audugarta ta dunƙule ta taurare tana iya fin sabuwa nauyi, amma mai ita yana ta rawar ɗari a ciki.

Sai dai iskar da aka tsare ba ta zama idan ta waje tana samun hanyar shiga ta kore ta. Nan ne zaɓen yadin waje ya zama muhimmi. Matan ƙauyukan lardunan Hebei da Shandong da Shanxi saƙar gida suke amfani da ita, mai kauri, wadda aka buga zarenta ya haɗu sosai, a rina ta baƙi ko shuɗi da baba, irin rinin da muka sani a karofi. 'Yan mata da amare su ne masu ja mai manyan furanni. Gwada irin wannan yadi ba wuya: a ɗaga shi a rana, idan haske na tsiyayowa ta ramukan saƙar, iska ma za ta bi ta nan. Ko a kara shi a baki a hura, a tara tafin hannu ta baya. Shafin ciki kuwa ba a kashe masa kuɗi. Tsofaffin riguna da suka sha wanki suka yi laushi ake farkewa a harhaɗa, don shi abin da ake nema a wurinsa ya kwanta a jiki ba tare da ƙaiƙayi ba, ya kuma hana audugar fitowa.

Abin da ke tsakani shi ne komai, kuma shi ne wanda ido ba ya gani. Sinawa na da wani tsohon labari game da Min Ziqian, ɗaya daga cikin almajiran malamin falsafa Confucius, wanda ya rayu kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, uban ya sake aure, matar ta haifi 'ya'ya biyu. Da hunturu ya zo sai ta cusa wa rigunan 'ya'yanta abin kirki, ta ɗan mijin kuwa ta cika ta da furen ciyawar bakin rafi, mai fari da laushi a ido amma ba ya riƙe ɗumi. A waje rigunan uku duk ɗaya. Wata rana yaron na tuƙa wa ubansa keken doki, sanyi ya kashe masa yatsu, linzami ya suɓuce. Uban ya fusata ya tsula masa bulala, rigar ta yage, furen ya tashi a iska. A nan ya gane. Ya tashi zai saki matar, yaron ya roƙa mata, yana tuna masa cewa idan ta tafi yara uku ne za su rasa mai kula da su. Sinawa don koyar da biyayya ga iyaye suke ba da labarin. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, uba yana gida ɗaya da ɗansa, yana ganin rigar kullum, bai san abin da ke ciki ba sai da bulala ta tona. Kuma ha'incin bai ƙare a zamanin da ba. A 'yan shekarun nan ma hukumomin Sin sun sha kama masu niƙa tsummokaran masana'anta, har da audugar asibiti da aka riga aka yi amfani da ita, su zuba mata sinadari ta yi fari, su cusa a barguna da rigunan sayarwa. Mutanen can na kiranta auduga mai baƙar zuciya. Rigar da uwa ta ɗinka a gida ta tsira daga wannan, don ita ta shimfiɗa audugar da hannunta.

A zamanin Min Ziqian ma auduga ba ta kai arewacin Sin ba tukuna. Masu hali da siliki mai laushi da fatun dabbobi suke fama da sanyi, talaka kuwa da tsumma da duk abin da ya samu, har daga baya akwai lokacin da aka riƙa yin riguna da mayafai na takarda mai kauri. A ƙarshen ƙarni na 13 ne wata mata mai suna Huang Daopo ta dawo garinsu kusa da Shanghai ta yau daga tsibirin Hainan, ta koya wa mutane ingantattun dabarun gurza da shiɓa da kaɗi da saƙa. Sannan Zhu Yuanzhang, wanda ya kafa daular Ming a 1368, ya wajabta wa manoma masu 'yar gona mai faɗi su ware wani yanki su shuka auduga. Daga nan rigar ta zama ta kowa.

Akwai kuma dalilin da ya sa auduga ta yi musu aiki, wanda ba zai yi wa Baturen Ingila ba. Sanyin arewacin Sin busasshe ne. Iska ce ke kaɗowa daga Siberiya da Mongoliya, ba ruwa, sai tsagewar leɓe da faso, wani lokaci da ƙura. Sanyin Birtaniya kuwa da yayyafi da laima yake tafe. Babban aibin auduga shi ne shan ruwa. Da ta jiƙe sai ta kwanta, iskar cikinta ta fice, ruwa ya maye gurbinta, shi kuwa ruwa ya ninka iska wajen sau 25 a saurin janye zafi daga jiki. Jiƙaƙƙiyar rigar auduga a cikin sanyi haɗari ce. Ulu ba haka yake ba: yana iya shan laima har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, kuma gashinsa mai lanƙwasa ba ya kwanciya da wuri. Saboda haka mutanen tsibiran arewa maso yammacin Sikotland suka riƙe saƙar ulun nan da ake kira Harris Tweed, wadda dokar da majalisar Birtaniya ta yi a 1993 ta ce dole mazauna tsibiran su saƙa ta da hannu a gidajensu kafin ta ci sunan. Ko a cikin Sin ɗin ma, makiyayan arewacin lardin Shaanxi da ke wuni a kan tudu fatar tunkiya suke sawa, gashin yana ciki. Kowa ya dubi irin sanyinsa da abin da ƙasarsa ke bayarwa kafin ya ɗauki almakashi.

Aikin mian'ao ɗin kansa yana farawa ne daga mai shiɓa. Bakan shiɓar da kakanninmu mata ke riƙewa a hannu ɗaya ƙarami ne. Na Sinawa katako ne dogo da ya kusa tsawon mutum, har sai an rataye shi a jikin wata gora da mai aikin ya ɗaura a ƙugu ta lanƙwaso ta saman kafaɗarsa. Ya kwantar da tsirkiyar a cikin audugar, ya riƙa bugunta da guduma ta katako, tsirkiyar na karkarwa tana wargaza dunƙulen har audugar ta kumbura. Da yawan masu wannan sana'a daga yankin Wenzhou suke fitowa, suna bin gari-gari da bakansu a kafaɗa, daga ƙarar tsirkiyar ake sanin sun sauka a unguwa.

Daga nan sai uwargida ta hau kang, wato dandamalin tubali da ake kwana a kai, wanda hayaƙin murhu ke bi ta ƙarƙashinsa yana ɗumama shi. Shi ne gado, shi ne teburin aiki. Ta riga ta wanke yadin tun kafin ta yanka, don ya gama tsukewarsa. Ta yanka shi da yalwa, ya fi jikin mai rigar sosai, saboda auduga na cin wuri, rigar da ta kama jiki kuma matse iskar take yi. Ta haɗa na waje da shafi ta ɗinke gefuna a baibai, ta bar ƙofa. Sai ta shimfiɗa shi ta fara jera auduga. Ba zubawa ake yi ba. Ƙaramin yanki take yagowa, ta baje shi a tafin hannu ya yi faɗi, gefunansa su yi siriri, ta aza, ta yago wani ta aza gefensa ya hau kan na farko, kamar yadda mai baibaya ke jera shuci a jinka kowane layi ya danne na ƙasa. Tana yi tana shafawa da tafi, inda ta ji rami ta ƙara, inda ta ji tudu ta rage. Gadon baya da kafaɗu da ƙirji suna samun kauri. Hammata da gwiwar hannu kuwa sama-sama, in ba haka ba mai rigar ba zai iya sauke hannunsa ba, balle ya riƙe fartanya. Idan ta gama sai ta rufe audugar da takarda ta danne, ta naɗe a hankali ta juya rigar ta ƙofar nan da ta bari, audugar ta koma tsakiya, ta zare takardar.

Saura ɗinkin da zai riƙe audugar kada ta zube ƙasa ta taru a gindin riga, kuma a nan gwana ke fita daban. Akwai 'yar jakar garin alli da zare ke ratsa ta. A ja zaren a miƙe a kan riga, a ɗaga tsakiyarsa a saki, ya bar layi fari. Kan waɗannan layuka allura ke bi, tana dogon tsalle a ciki, tana ɗan tsinto yadin waje kaɗan yadda da ƙyar za a ga zaren. Tazarar layi da layi kamar faɗin yatsu uku. Idan suka yi nisa da juna auduga ta yi yawo. Idan suka matsu, ko aka ja zaren da ƙarfi, an danne iskar ke nan, kuma kowane layin ɗinki ya zama hanyar sanyi. Wannan ne kuskuren da mai keken ɗinki ya fi saurin yi, don keke na son ɗinki ƙanana masu tauri. Wuyan rigar tsaye yake, ya rufe maƙogwaro. Ta mata gabanta kan zarce ya lulluɓe ƙirji a maƙala ta gefen dama, ƙirjin ya zama ninki biyu, maɓallan kuma da ƙyalle ake ƙulla su. Maza a gona sukan ƙara ɗamara a ƙugu, ko da igiya ce, don iska ta ƙasa take shigowa.

Irin wannan riga ba a jefa ta a ruwa a wanke. Shi ya sa ake ɗora mata wata 'yar riga marar nauyi a sama, ita ke kwasar dauɗa, ita ake wankewa. Idan sanyi ya wuce sai a farke rigar gaba ɗaya: yadi ya tafi wanki, auduga ta sha rana a bubbuge ta da sanda, wadda ta mutu a kai wa mai baka ya tashe ta, a ƙara sabuwa a kai. A gidan da babu, yadin nan biyu da aka zare wa auduga su ne rigar bazara. Kafin kaka ta ƙare an mayar da komai, an ƙara wa hannun rigar yaro tsawo ko an miƙa ta ga ƙaninsa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Daga 1954 zuwa 1983 ba a sayen yadi a Sin sai da takardar rabo daga hukuma, audugar cusawa ma da tata takardar. A farkon shekarun 1960 rabon mutum na shekara a wurare da dama bai isa riga da wando ba. A irin wannan hali babu mai zubar da ko tafin hannu na auduga.

Kada a ɗauka abin daɗi ne zalla. Wahala ce da ta faɗa kan mata, uwa ɗaya ta ɗinka wa gida guda riga da wando da takalma a gaban fitila. Rigar na da nauyi, ƙwarƙwata na samun mafaka a ɗinkinta, ƙananan yara kuma sukan zama kamar an hura su, idan suka faɗi tashi sai da taimako. Da arziki ya zo, rigunan gashin agwagwa da na roba suka cika kasuwa, mutanen birni ba su yi kewarta ba. Amma a hunturun 2023, da farashin rigunan gashin agwagwa ya yi tsada, sai ga ɗaliban jami'o'in arewa maso gabas suna shiga aji da koren kwat ɗin soja mai auduga da jar rigar kakanninsu mai furanni, hotunansu suka cika intanet. Da wasa suka fara, amma dalilin da suka bayar na gaske ne: tana da arha, kuma tana hana sanyi.

Sanyinmu bai kama ƙafar na Harbin ba. A Kano na asuba kan sauka wajen digiri 12, wani lokaci ƙasa da haka, Jos da tsaunukan arewacin Agadas sun fi tsanani. Amma irinsa ɗaya ne da nasu: busasshe, mai iska, babu ruwan da zai jiƙa riga. Wato dai sanyin da auduga ta fi iyawa da shi ke nan. Duk da haka da jaura ta kaɗo sai kowa ya nufi 'yan gwanjo, a Ƙofar Wambai ko wata kasuwar, a yi ta tonon dila ana neman kwat ɗin da aka ɗinka don yayyafin Turai, farashinsa na bin dala. Ɗan acaba ya sayi suwaita mai saƙar ramuka ya hau babur da asuba, iska ta ratsa ta kamar babu. Almajiri kuwa ko wannan bai samu ba, sai ya cusa hannuwa a cikin 'yar shararsa.

Abin takaicin shi ne dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Lifidin da 'yan lifida ke sawa, su da dawakinsu, a hawan salla, yadi biyu ne da auduga a tsakani da layukan ɗinki, kuma tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara shiga yaƙi da shi. Don tare kibiya da takobi aka yi shi, amma ɗinkin ɗaya ne. Auduga kuwa ga ta nan a Funtuwa da Malumfashi da Gusau da Gombe. Teloli ba a maganar yawansu.

Abin da zai yi mana ba kwafin rigar Harbin ba ne, don wanda ya sa ta a Zariya kafin hantsi ya jiƙe da gumi. Shimfiɗa ɗaya siririya ta isa. Ga babba, falmaran mai auduga da zai shige ƙarƙashin kaftani ya rufe ƙirji da baya. Ga yaro da mai babur da mai gadi, mai dogon hannu da wuya a tsaye, buɗaɗɗiya ta gaba yadda za a cire ta da rana ta ɗaga. Kaki mai ƙarfi a waje, tsohuwar atamfa a ciki. Wanda ba ya son wahalar farkewa duk shekara ya yanka tsohon bargo ya sa a tsakiya maimakon auduga, don bargo ba ya zamewa, yana shiga keke, yana kuma jure wanki. Tela ya fara kama sassan da dogon ɗinkin hannu, ya sa babbar allura, ya buɗe tsawon ɗinkin keken. Don sanin ko bargon ulu ne na gaske, a zaro zare ɗaya a kusantar da shi ga ashana: ulu warin ƙonannen gashi yake yi ya bar baƙin abu mai murƙushewa a yatsa, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta taurare.

Wannan gwajin ba na ƙwalisa ba ne, don lokacin sanyi lokacin kasko da jin ɗumi ne. Yadin roba idan ya kama wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Audugar rimi, wadda muke cusa wa matashi da katifa, tana da ɗumi da rashin nauyi, amma tartsatsi ɗaya ya ishe ta ta tashi, ga ta da santsi ba ta zama wuri ɗaya, tana kuma rududdugewa da daɗewa. Ban ga dalilin sa ta a rigar yaro ba. Ita ma audugar gona garwashi na iya faɗa mata ta yi ta ci a ciki ba a sani ba, saboda haka yaron da ke sanye da ita a ja shi baya da wuta. Ulu ne kaɗai a cikinsu ba ya saurin kamawa.

Masu raba wa makarantun allo kayan sanyi duk shekara, da iyayen da gwanjo ya fi ƙarfin aljihunsu, su gwada ba telan unguwa aikin riga ɗaya tukuna, a sa wa yaro a gani. A kai aikin tun cikin Oktoba da audugar bara, kafin layi ya yi tsawo, kuma mai rigar ya tsaya a shimfiɗa audugar a gabansa.